Faɗaɗa babban titi na maganin cunkoson motoci kuwa?

A yammacin birnin Houston da ke jihar Texas a Amurka akwai wata babbar hanya mai suna Katy Freeway. A inda ta fi faɗi, idan aka haɗa da ƙananan titunan da ke bin gefenta, layuka 26 ne a jere. An gama faɗaɗa ta a 2008 bayan an kashe kusan dala biliyan 2.8, kuma a shekarun farko masu motoci sun sarara. Daga nan ta fara cika. Alƙaluman cibiyar da ke lura da zirga-zirgar birnin sun nuna cewa daga 2011 zuwa 2014, lokacin da ake ɗauka a shigo gari da safe daga unguwannin waje ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, na komawa gida da yamma kuwa ya ƙaru da kusan kashi 55.

Masu kare aikin suna da abin faɗa. Houston na cikin biranen Amurka da jama'a suka fi kwarara cikinsu a wancan lokaci, kuma hanyar tana ɗaukar motoci da yawa fiye da yadda take ɗauka a da. Gaskiya ne. Sai dai da alƙawarin rage gosulo aka tallata aikin, kuma wannan alƙawari bai yi ƙarko ba.

A babban birni mai bunƙasa, inda hawa titi kyauta ne, ƙarin layi yana ƙara yawan motocin da ke bin hanyar, saurin da aka samu kuma yana gushewa cikin 'yan shekaru. A hanyar da ke tsakanin gari da gari, ko a wani ƙulli guda, wato wurin da hanya ke shaƙewa, da aka gano ainihin inda yake, lissafin daban ne. Don a gane dalili, sai an fara da sanin yawan motar da layi ɗaya ke iya ɗauka.

Nawa layi ɗaya ke ɗauka

Direba mai hankali yana barin tazarar kusan daƙiƙa biyu tsakaninsa da motar gabansa. Awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, ke nan layi ɗaya zai wuce da motoci 1,800 a awa. A hanya mai kyau, wadda babu mahaɗa, babu mai tsallakawa, babu mai tsayawa, direbobi kan matse tazarar har a kai 2,000 zuwa 2,400. Iyakarsa ke nan, ko da kwaltar ta fi madubi santsi. Wannan lissafi na ƙananan motoci ne. Injiniyoyi suna ƙirga tirela ɗaya a matsayin ƙananan motoci biyu a shimfiɗaɗɗiyar hanya, uku a inda ake hawa da gangara, wadda aka yi wa lodi fiye da ƙima kuwa ta wuce haka.

Da zarar an kai danja, lissafi ya sauya. Layi ɗaya yana sakin motoci kusan 1,900 a awa idan koriyar wuta ce a kunne tsawon awar. Amma ba haka take ba. Idan daƙiƙa 40 cikin kowace 100 ne rabon hannunka, abin da zai wuce 760 ne kacal. Layuka uku a bakin wannan danja za su saki 2,280, wato daidai da abin da layi ɗaya tak ke ɗauka a buɗaɗɗiyar hanya. Shi ya sa masu aikin suke cewa mahaɗa ce ke yanke ƙarfin titin cikin gari, faɗin tsakiyarsa ba ya yanke komai.

Yanzu a ɗauki hanya mai layi biyu da ke ɗaukar motoci 4,000 a awa. Da ƙarfe bakwai na safe sai motoci 4,400 suka riƙa isowa a awa. Rarar 400 ba ta da inda za ta, sai ta tsaya a baya. Bayan awa biyu motoci 800 ne a layi. Idan kowace ta ci mita bakwai har da tazara, an kasa su layi biyu, tsawon jerin ya kai kilomita 2.8, wanda ya zo ƙarshe kuma zai yi jiran minti 12 kafin ya kai bakin ƙullin. Duk wannan daga rarar kashi 10 cikin 100 ne. Haka kuma idan aka cire wannan kashi 10, jerin ba zai taru ba sam. Dalilin da ya sa titi ke yin fayau idan makarantu suka tafi hutu ke nan, alhali motocin da suka ragu ba su taka kara sun karya ba.

Akwai wani abin da ke ƙara dagula lamarin. Da zarar tafiya ta karye an koma ja-ka-tsaya, yawan motocin da ke fita daga bakin ƙullin yana raguwa, yawanci da kashi 5 zuwa 15, saboda mota mai tashi daga tsaye tana barin gibi a gabanta. A daidai lokacin da aka fi buƙatar hanyar, a lokacin ne ƙarfinta ke raguwa. Ba lallai sai da dalili na zahiri ba ma. A wani gwaji da masu bincike a Japan suka wallafa a 2008, an sa motoci 22 su riƙa zagaya da'ira mai tsawon mita 230 da gudun kilomita 30 a awa. Babu rami, babu danja. Ba a jima ba ɗan bambancin taka birki ya haifar da gosulo, wanda ya riƙa ja da baya cikin jerin motocin da gudun kusan kilomita 20 a awa. Wanda ya taɓa shan gosulo, ya fita bai ga abin da ya haddasa shi ba, irin wannan ne.

Daga ina sababbin motocin ke fitowa

Kuskuren da ke cikin tunanin faɗaɗawa shi ne ɗaukar yawan motoci a matsayin adadi tsayayye, kamar a ce mutum 4,400 ne ke son wucewa, a ba su wurin 6,000, magana ta ƙare. Waɗanda ake gani a kan titi su ne waɗanda suka yarda su jure wahalarsa. Bayansu akwai wasu da yawa da gosulo ya kora. Ɓata lokaci shi ne kuɗin da ake biya a hau titin da ba a karɓar kuɗi, kuma faɗaɗawa rage wannan farashi ne. Duk abin da aka rage wa farashi, masu sayensa ƙaruwa suke yi.

Masanin tattalin arziki Anthony Downs ya bayyana wannan tun 1962, daga baya ya fayyace hanyoyi uku da mutane ke dawowa. Na farko, waɗanda suka koma bin lunguna da ƙananan tituna don gudun babbar hanya. Na biyu, waɗanda suka sauya lokaci: ma'aikacin da ke fita da asuba ƙarfe biyar da rabi, da ya ji hanya ta buɗe sai ya koma fita ƙarfe bakwai. Na uku, waɗanda suka ajiye motarsu a gida suna shiga bas ko jirgin ƙasa. Waɗannan duka suna dawowa cikin makonni ko watanni, tun fentin layin bai dushe ba. Ma'aikacin da ya samu ƙarin barcin awa ɗaya da rabi ya ci riba, babu musu, amma ƙarfe bakwai ɗin ya sake cika.

Kashi na uku yana da illar da ba a cika lura da ita ba. Motar haya tana tashi ne idan ta cika. Idan kashi ɗaya cikin biyar na fasinjoji suka koma motocinsu, bas ɗin da ke cika cikin minti 10 a tasha zai ƙara jimawa, direba ya ƙara kuɗin mota don ya fita kuɗin mai, wasu masu motocin su janye su koma wata hanya. Sai wanda ya rage a tasha ya fara tunanin sayen tasa motar ko babur. A ƙarshe mai mota bai samu sauƙi ba, fasinja kuma ya fi da wahala.

Abin da ya fi nauyi yana zuwa ne a hankali, cikin shekara biyar zuwa goma, ta hanyar filaye da gidaje. Idan tafiyar minti 60 ta koma 35, filin da ke kilomita 30 daga gari ya zama wurin da ma'aikaci zai iya zama. Dillalan filaye sun fi kowa saurin ganewa. A yanka filaye, a gina rukunin gidaje, makarantu da gidajen mai da manyan shaguna su biyo baya, kamfanoni su kai rumbunan ajiyarsu can. Kowane gida da aka gina a bakin sabuwar hanya, tafiya ce ta yau da gobe da aka ɗora mata, kuma tafiya mai nisa. Wannan ba ya komawa baya. Mutum zai iya sauya lokacin fitarsa gobe, amma ba zai ɗauke gidansa ba.

Binciken da aka fi kafa hujja da shi a wannan fanni na Gilles Duranton da Matthew Turner ne, wanda ya fito a 2011. Sun duba biranen Amurka sama da 200 daga 1983 zuwa 2003, suka gano cewa idan aka ƙara tsawon layukan manyan hanyoyi a birni da kashi 10 cikin 100, jimillar kilomitocin da motoci ke ci a kansu ita ma tana ƙaruwa da kusan kashi 10. Mai hankali zai tambaya: anya ba don an hango motocin za su ƙaru ba ne aka gina hanyar? Sun yi tanadin wannan tambaya. Sun yi amfani da tsofaffin taswirori, irin su shirin manyan hanyoyin ƙasar na 1947 da layukan dogo na 1898, don ware hanyoyin da tarihi ya sa aka gina daga waɗanda buƙatar zamani ta sa aka gina. Sakamakon bai sauya ba. Sun kuma gano cewa mafi yawan ƙarin ya fito ne daga mazauna birnin da suka ƙara yawan tuƙi da kuma motocin dakon kaya, sai baƙin da suka ƙauro. Motocin da suka baro wasu tituna kaɗan ne a ciki, wato sauran titunan ma ba su samu wani sauƙi ba.

A Birtaniya, kwamitin da ke ba gwamnati shawara kan manyan hanyoyi ya amince tun 1994 cewa sababbin hanyoyi suna haifar da sabuwar zirga-zirga, musamman a kewayen birane da inda cunkoso ya riga ya yi yawa. Hanyar M25 da ta zagaye Landan, wadda aka kammala a 1986, ta cika ba da jimawa ba, kuma an yi ta ƙara mata layuka tun daga lokacin. A Los Angeles an shafe daga 2009 zuwa 2014 ana aikin ƙara layi ɗaya mai tsawon kusan kilomita 16 a hanyar 405, aka kashe sama da dala biliyan ɗaya, da aka buɗe kuma lokacin tafiyar komawa gida da yamma kusan bai sauya ba.

Wani zai ce wannan labarin ƙasashen da kowa ke da mota ne. A ganina akasin haka ne ya fi kusa da gaskiya. Inda gidaje kaɗan ne ke da mota, jama'a kuma na ƙaruwa da sauri, waɗanda ke jiran su shigo titi sun fi yawa nesa ba kusa ba. Babbar hanyar Thika da ta fita daga Nairobi a Kenya, wadda aka kammala a 2012 da layuka takwas, ta jawo gine-gine a Roysambu, Githurai, Ruiru da Juja, kuma gosulon safe ya dawo a sassanta na kusa da gari. A Abuja ma, duk wanda ya san Lugbe da Kubwa kafin a mayar da hanyar filin jirgi da ta Kubwa masu layi goma ya san yadda gidaje suka bi su. Hanyar Abuja zuwa Keffi ta fi fito da abin fili: haya ta kori ma'aikata zuwa Nyanya, Mararaba, Ado da Masaka, ofisoshi kuwa suna tsakiyar birni. Da safe kowa ya nufi yamma, da yamma kowa ya nufi gabas, hannu ɗaya a cushe, ɗayan a sake. Ƙarin layi a nan zai sa zama a Masaka da gaba da ita ya ƙara sauƙi, a ƙara tarewa, a sake cikawa.

Cewa yawan tafiya yana bin farashi, an gan shi ƙiri-ƙiri a Najeriya bayan sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin kwanaki, ta haura 600 a watan Yuli. Ba a ƙara ko taku ɗaya na kwalta ba, amma tituna suka yi sauƙi, mutane suka ajiye motoci, suka riƙa haɗa kai a shiga mota ɗaya, jihohi irin su Kwara da Edo suka rage ranakun zuwa ofis. Babu mai fatan a magance gosulo ta hanyar tsadar rayuwa, amma abin ya nuna cewa adadin motocin kan titi yana miƙewa yana tsukewa.

Akwai ma yanayin da ƙarin hanya ke ƙara tsawon tafiya ko da mota ɗaya ba ta ƙaru ba. Masanin lissafi ɗan Jamus Dietrich Braess ne ya nuna haka a 1968. A ɗauka motoci 4,000 za su tashi daga wuri guda zuwa wani, hanyoyi biyu ne. Kowace tana da sashe mai faɗi da ke cin minti 45 kullum, da matsattsen sashe da ke cin minti ɗaya ga kowace mota 100 da ta shige shi. A hanya ta farko matsattsen ne a farko, a ta biyu shi ne a ƙarshe. Motoci za su rabu 2,000 da 2,000, kowa ya yi minti 20 da 45, jimilla 65. Sai aka gina 'yar gajeriyar hanya, wadda kusan ba ta cin lokaci, da ta haɗa ƙarshen matsattsen farko da bakin matsattse na biyu. Kowane direba ya ga cewa ko da kowa ya shiga matsattsen, minti 40 ne, ya fi 45 sauƙi. Kowa ya bi ta nan, tafiya ta koma minti 80. Wanda ya ce zai koma tsohuwar hanya shi kaɗai, minti 85 zai yi.

Idan aka rage hanya kuma, wasu tafiye-tafiyen ɓacewa suke yi. Daga 2003 zuwa 2005 birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya rushe wata gadar sama da titin da ke ƙarƙashinta a Cheonggyecheon, masu ɗaukar motoci sama da 160,000 a rana, aka dawo da rafin da aka binne. Tsayuwar gari da aka yi ta hasashe ba ta auku ba. Amma fa birnin yana da jiragen ƙarƙashin ƙasa masu yawa, kuma a 2004 ya sake fasalin bas-bas ɗinsa gaba ɗaya, ya ba su layukansu a tsakiyar titi. Garin da ba shi da irin wannan madadin, kada ya kwaikwayi rushewar.

Inda faɗaɗawa ke biyan kuɗin sabulu

Tsakanin gari da gari magana daban ce. A hanya mai hannu biyu a kwalta ɗaya, matsalar ita ce wuce tirela da karon gaba da gaba. Mayar da ita tagwaye, da shinge ko fili a tsakani, yana ceton rayuka kuma yana rage lokaci, shi ya sa aikin hanyar Kano zuwa Maiduguri da gyaran ta Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 375 ba sa cikin abin da ake suka a nan. Haka ƙara layin hawa a tudu mai tsawo don manyan motoci su koma gefe, ko gyara wurin da layi uku ke komawa biyu a bakin tsohuwar gada.

Hanyar kewaye gari ma tana aiki, da sharaɗin a hana kowa buɗe ƙofa a kanta. Idan aka bari gidajen mai, gareji, shaguna da kasuwanni suka jeru a bakinta, kowanne da mashigarsa, cikin shekaru kaɗan ta zama titin cikin gari. Titin Nnamdi Azikiwe a Kaduna don kewaye garin aka yi shi, yau gari ya haɗiye shi. Maganin shi ne a tsare filin gefen hanya tun farko, a yi ƙaramin titi a gefe ga masu shaguna, a taƙaita wuraren shiga da fita.

Layin da ake da shi amma ba a amfani da shi

A yawancin garuruwanmu, titi mai layi uku a takarda layi ɗaya da rabi ne a aikace. Na gefe ya zama tashar adaidaita sahu da hayis, da wurin ajiye motoci, da teburan masu kayan miya. Masu tafiya a ƙasa sun sauko kan kwalta saboda an mamaye hanyarsu. Na ciki kuma masu jiran yin kwana a tsagar da aka bari a tsakiyar titi sun tare shi, tirela mai juyawa kuwa sai ta datse hannu biyun duka kafin ta daidaita. A ƙara da rami guda da kowa ke kauce wa, da ruwan da ya kwanta saboda magudana ta toshe, da shingen bincike.

Asarar ta fi yadda ido ke gani. Ma'aunin da injiniyoyin Amurka ke amfani da shi ya nuna cewa idan mota ta mutu ta tare layi ɗaya cikin uku, abin da ya rage na ƙarfin hanyar kusan rabi ne, ba kashi biyu cikin uku ba, saboda kutse da kallon abin da ya faru. Idan layi ɗaya ne cikin biyu, kusan kashi 35 ne ke saura. Hukumar manyan hanyoyin ƙasar ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cunkoso daga haɗari da lalacewar mota yake. Motar janwe da aka girke kusa da gada, wadda za ta kawar da matacciyar tanka cikin rabin awa maimakon ta kwana, ta fi sabon layi araha sau ba adadi. Idan aka ƙara layi na huɗu ba a taɓa sauran ba, masu lodi da masu teburi matsowa kawai za su yi.

Gadar sama kuma tana warware mahaɗar da aka gina ta a kai, wannan babu shakka. Abin dubawa shi ne inda take sauke motocin. Mazurari ne: duk yadda aka buɗa bakinsa, wuyansa ne ke yanke abin da zai zuba. Idan gada ta saki motoci 4,000 a awa, shataletalen da ke mita 600 a gaba kuma 2,500 yake ɗauka, jerin ya tashi daga nan ya koma can, wani lokaci har ya hayo kan gadar. Gindin gada kuma shi ne wurin da masu haya suka fi son tsayawa, daidai inda masu saukowa da masu bin ƙasa ke sarƙewa da juna.

Saboda haka kafin a zana ƙarin layi akwai aikin da ya kamata a ga an yi. A ƙirga ababen hawa na awa 12 zuwa 16 a ranakun aiki da dama, kowane minti 15 daban, kowane iri daban: ƙaramar mota, bas, adaidaita, babur, tirela. A ƙirga mutanen da ke cikinsu. A tambayi direbobi inda suka fito da inda za su, domin idan mafi yawansu wucewa kawai suke yi, hanyar kewaye ake buƙata, idan kuwa cikin gari suka nufa, ba ta da amfani. Sannan a taka da ƙafa a nemo kan jerin, wato wurin da mota ke fara sakewa. Abin da ke wurin shi ne ciwon. Idan mahaɗa ce, sake saita lokutan danja, ware layin masu kwana, da yi wa masu haya wurin tsayawa da ya shiga ciki daga titi, bayan mahaɗar da 'yar tazara, sukan dawo da ƙarfin da ya ɓace. A kuma tambayi masu hasashen: lissafinku ya ƙunshi motocin da sabuwar hanyar da kanta za ta haifar? Idan an ɗauka adadin ɗaya ne ko an gina ko ba a gina ba, ribar lokacin da aka rubuta an kumbura ta.

Akwai kuma kuɗin da ba a faɗa ranar ƙaddamarwa: diyyar gidaje da shagunan da za a rushe, ɗauke bututun ruwa da turakun wuta, faɗaɗa kwalbatoci saboda ƙarin kwalta na ƙara ruwan da ke gangarowa, da gyaran da kowane sabon layi zai riƙa nema har abada. Sai masu tsallakawa. Layi goma masu faɗin mita 3.5 kowanne mita 35 ne, ban da tsakiya. Lafiyayyen mutum mai tafiyar mita 1.2 a daƙiƙa yana buƙatar kusan rabin minti, tsohuwa ko mai ɗauke da kaya fiye da haka, ga motoci sun samu filin gudu a lokutan da hanya ta sake. Idan gadar masu ƙafa ta yi nisa da inda mutane ke sauka daga mota, ta ƙasa za su bi, ko an sa waya za a yanke ta.

Abin da ya rage cunkoso a inda aka gwada

Dabara ɗaya da aka tabbatar tana rage cunkoso ta daɗe ita ce sa kuɗi a lokacin da titi ya fi cika. Singafo ta fara a 1975 da takardar izini, ta koma na'ura a 1998, tana ɗaga kuɗin ko sauke shi gwargwadon saurin motoci. Landan ta fara a 2003 da fam 5 a rana. Stockholm ta Suwidin ta yi gwaji a 2006, motocin da ke ƙetare iyakar tsakiyar birni suka ragu da kusan kashi 20, aka yi ƙuri'ar raba gardama, aka tabbatar da tsarin a 2007. New York ta bi sahu a Janairun 2025 da dala 9. Dalilin nasarar yana cikin lissafin da ya gabata: kashi 10 zuwa 20 kawai ake buƙata su sauya lokaci ko abin hawa. Wannan daban yake da shingen karɓar kuɗi da ake kafawa don mayar da kuɗin kwangila, inda kowa ke tsayawa ana neman canji, shingen da kansa ya zama ƙulli. Kuma tsarin ba ya yin adalci sai akwai motar haya abin dogaro da mai ƙaramin ƙarfi zai koma, aka kuma ga kuɗin na tafiya can.

Game da bas da jirgi, a faɗi gaskiya: binciken Duranton da Turner bai ga alamar cewa ƙara motocin haya na rage yawan tuƙi ba, don gurbin da mai shiga bas ya bari, wani direban ne ke cikewa. Amfaninsu shi ne su fitar da mutane daga cikin gosulon. Layi mai motoci 1,800 a awa, kowace da mutum ɗaya ko biyu, mutum 2,700 ne idan aka yi matsakaici. Layin nan idan aka ware wa doguwar bas mai cin mutum 80, ɗaya kowane rabin minti, mutum 9,600 ne. Tsarin TransMilenio na Bogota a Kolombiya, da aka buɗe a 2000, yana ɗaukar sama da 35,000 a awa a hannu ɗaya a layinsa mafi cika, saboda bas na iya wuce bas a tasha kuma ana biya kafin a shiga. Legas ta buɗe nata a 2008, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS.

Idan har an yanke shawarar faɗaɗa titin cikin gari, lokacin ware wannan layi shi ne ranar zane. Ƙwace layi daga hannun masu motoci bayan sun saba da shi rigima ce da 'yan siyasa kaɗan ke iya ɗauka. A sa shi a tsakiya, nesa da masu lodi da masu ajiye mota, a raba shi da dakalin kankare, don fenti kaɗai ba ya hana kowa shiga da ƙarfe bakwai na safe. A kuma sayi motocin, a tanadi gareji da kuɗin gyaransu kafin buɗewa, saboda layin da aka gani fayau na wata biyu, matsin lambar a buɗe wa kowa ba ya jimawa. Da aka zo faɗaɗa hanyar Legas zuwa Badagry zuwa layi goma a 2009, an bar tsakiyarta don layin dogo da layin bas. Aikin ya ja shekaru fiye da yadda aka tsara, sashen farko na jirgin, kilomita 13 daga Marina zuwa Mile 2, sai a Satumban 2023 ya fara ɗaukar fasinja.